Komawa aji bayan reno da kasuwanci

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ajiye alli bayan haihuwar ɗana na biyu, na shekara 9 ina kasuwanci, amma duk daren da na zauna duba littattafan yarana sai kewar aji ta kama ni. Shin komawa za ta yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Za ta yiwu, amma ki fara nazarin manhajar yanzu, domin da wuya a ce ba ta sauya ba.

Amsa: 'Yar'uwa, ni ma na koma, kuma haƙurin da na koya wajen masu saye ya amfane ni sosai wajen hulɗa da iyayen ɗalibai. Kada ki rufe kasuwancin kafin albashi ya zauna, musamman tunda akwai kuɗin makarantar yara a wuyanki.