Inda Mahaya Keke a Maradi Suka Fi So

Da muka tattauna, yawanci sun ce a guji babban titin Zinder da na Ɗan Isa, manyan motoci sun yi yawa. Hanyar Jiratawa aka fi yabawa: gonakin rani kore shar, amalanken shanu na tafiya a hankali, sai gaisuwa kawai. Mai ƙarfin ƙafa ya zarce tafkin Madarunfa.

Wani dattijo ya ja kunnenmu: "'Ya'yana, ku fita bayan asuba, ku dawo kafin la'asar, kada dare ya same ku a daji." Na yarda da shi ƙwarai.

A ɗauki ruwa, famfo da kayan faci, don ƙayar aduwa ba ta barin taya. Yashin gulbi kuwa, sauka ake a tura.