'Yar kyanwa ta ƙi ci, ƙuma ta cika mata jiki: wane magani ne ba zai cutar da ita ba?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina unguwar Ali Ɗan Sofo. Yarona ne ya tsinto 'yar kyanwa a bayan wani gareji, ba a san inda uwar ta yi ba. Ko tafin hannuna ba ta gama cikawa, idanun har yanzu shuɗi-shuɗi, haƙora sun fara fitowa. Da farko tana lasar madarar gari da muke dama mata, yanzu kuwa zawo take yi, ta ƙi ci, sai barci. Da na buɗa gashin cikinta sai ga ƙuma na ta gudu, ga wani baƙin gari-gari a wuya. Maƙwabciyata ta ce in barbaɗa mata garin maganin da take sa wa kajinta, maigida kuma ya ce a ɗiga fiya-fiya a ruwa a yi mata wanka. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Yaron nan ko abinci ba ya ci sai ya leƙa kwalinta.

Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mu a ƙauye toka muke shafa wa mussa. In jikinta da zafi ki ɓantari farasitamol kaɗan ki ba ta.

Mai Kiwo:
Haba Malam Ɗan Gulbi, don Allah ka janye maganar farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ɓari ɗaya ya isa ya kashe babba, balle wannan.

Hajiya, fiya-fiya guba ce, ta fata ma take shiga. Garin maganin ƙwari na kasuwa da maganin ƙumar kare kuma, da yawansu akwai sinadarin kashe ƙwari da ake kira permethrin a ciki. Kare yana jure shi, kyanwa ba ta jurewa: yawu ya dinga zuba, jiki ya ɗauki rawa, daga nan sai farfaɗiya. Kananzir da Dettol su ma a bar su. Ki tuna duk abin da aka shafa mata sai ta lashe.

Yadda kika kwatanta ta, ba ta wuce sati 4 zuwa 5 ba. Maganin ɗigawa a ƙeya irin Frontline sai ta kai sati 8 da nauyin kilo 1. Na fesawa mai sinadarin fipronil ana yi wa ƙanana, amma gwargwadon nauyi ake auna shi, kuma ba a yi wa marar lafiya sai likitan dabbobi ya gani.

Kafin komai ki ɗaga leɓenta ki duba dasashi. In ja-ja ne, da sauƙi. In ya yi fari fat, ƙuma ta shanye mata jini, kar ki jira gobe, ki kai ta wurin likitan dabbobi. Baƙin garin nan ma kashin ƙuma ne, ki zuba shi a jiƙaƙƙen farin ƙyalle ki gani, ja zai koma.

Ki samu mataji mai ƙananan haƙora, irin na kwarkwata, ki riƙa tajewa kina tsoma shi a ruwan sabulu. Wanka sai in tana da ƙarfi: ruwa mai ɗumi, ki fara zagaye wuya da kumfa don kar ƙumar ta gudu kai, ki goge ta ta bushe sarai. Da hunturun nan sanyi kaɗai kan kashe 'yan kyanwa irinta.

Inna Mai Kaji:
Ɗiyata, mai yiwuwa madarar ce ta sa zawon, cikinsu ba ya son ta shanu. Ki dafa kaza ko kifi ba gishiri ba albasa, ki murje da ruwa. Tsummokin kwalin ki tafasa, ki share ƙarƙashin tabarma, don macen ƙuma na yin ƙwai har 50 a rana, kuma ƙasa suke zubewa.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. Na duba, dasashin ya yi fari. Maigida ya tafi tsayar da adaidaita. To yaran fa, akwai abin da za su ɗauka?

Mai Kiwo:
Ƙumar na cizon mutane, galibi a idon sawu. Su riƙa wanke hannu, kuma kar ta kwana a shimfiɗarsu. Ki naɗe ta a zane a hanya. In kun je ki faɗi maganar zawon, ki tambayi maganin tsutsar ciki, don ƙuma na ɗauke da wata irin tsutsa. Rigakafin ciwon haukan kare sai ta kai wata 3.