Tambaya kan fiɗar ƙullutun muƙamuƙi da ɗora ƙashi

Wata 'yar'uwa daga Garwa:
Assalamu alaikum. Ƙanena mai shekara 19 ya kusa shekara biyu da kumburi a muƙamuƙinsa na ƙasa, kuma da yake ba ya ciwo, mun yi ta shafa masa magani a gida har haƙoransa suka fara girgiɗa. Hoton da aka ɗauka ya nuna jakar ruwa a cikin ƙashin, kewaye da haƙorin turmi na ƙarshe da bai tsiro ba. Likita ya ce sai fiɗa, wataƙila har a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa. Mahaifiyarmu tana tsoron kada ya gurgunce. Shin dole ne a ɗora ƙashin?

Ma'aikacin jinya, Marwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Amsar ta dogara ne da girman ramin da kuma irin abin da ke cikinsa. Idan jakar ba ta cinye bangon ƙashin ba, ana ɓare ta gaba ɗaya tare da haƙorin, jini ya cika gurbin ya daskare, sannan sabon ƙashi ya riƙa tsirowa da kansa cikin wata 6 zuwa 12. Idan ta yi girma har ƙashin ya zama siriri, sau da yawa ana fara huda ta a sa ƙaramin bututu, a riƙa wankewa kullum na tsawon watanni har ta tsuke, domin a kauce wa karaya da kuma taɓa jijiyar da ke kai ji ga leɓen ƙasa.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne, kada a yanke shawarar babbar fiɗa kafin a gutsuri naman a duba shi a ɗakin gwaji. Akwai wani ƙari da ake kira amelobilastoma, wanda yakan yi kama da jakar ruwa a hoto. Yawanci ba ciwon daji ba ne, amma yana cin ƙashi kuma yana dawowa idan an kankare shi kawai, shi ya sa ake yanke sashen muƙamuƙin, a riƙe shi da farantin ƙarfen titaniyom, a cike da ƙashin ƙugu, ko na haƙarƙari, ko siririn ƙashin ƙwauri idan giɓin yana da tsawo.

Wani magidanci, Ngaundere:
Hajiya, ki kwantar wa Inna da hankali. Ni an ɗebi ƙashin ƙuguna, kuma gaskiya wurin ya fi bakin ciwo a makonnin farko, na yi ɗingishi, amma yanzu ina tafiya masallaci da ƙafata. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne abinci, domin na daɗe a kan kunu da fura da nono, an hana ni kilishi da rake da goro. Leɓena ya yi watanni ba ya jin taɓawa kafin ya dawo.

Wata 'yar'uwa daga Garwa:
Na gode, Malam, na gode, Alhaji. Ba a yi gwajin naman ba tukuna. Ranar Litinin zan koma da hoton in tambayi likitan ko ana yi a nan, ko kuwa sai an aika da shi Yawunde.