Neman shawara: zan kai wa surukata jikarta a kan dutsen Tula, amma hankalina ya ƙi kwanciya

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Ni haifaffiyar Gombe ce, a Jekadafari na tashi, ban taɓa kwana a ƙauye ba ko sau ɗaya. Shekarar aurena huɗu. Maigidana mutumin Tula ne, amma ba cikin gari ba, wani ɗan ƙauye ne can sama, sai ka wuce Kumo da Billiri ka kai Kaltungo, sannan ka kama hanyar hawa dutse, daga ƙarshe kuma mashin ne yake ƙarasa da mutum. Shi yana aiki a Abuja, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Cikina na farko ya zube a wata huɗu, na sha wahala sosai, sai bara Allah ya ba mu Hanan, yanzu watanta 9. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa muke mata alkunya.

Ita Inna ta zo bikinmu, ta zo suna. Da ta zo suna kwana biyu ta yi, ta ƙi hawa gadon da na gyara mata, a tabarma ta kwana. Ta zo min da gyaɗa rabin buhu, daddawa a ƙulle cikin ganye, da kaza an ɗaure mata ƙafa da tsumma. Ba ta taɓa gaya min maganar da ta ɓata min rai ba, Allah ne shaida. Yanzu gwiwa ta hana ta sauka daga dutsen. Ranar Talata ta sa jikanta ya riƙe ta suka hau wani falalen dutse inda ake samun sabis, ta kira ni, ta ce: "Ɗiyata, ki kawo min takwarata in gan ta kafin idona ya ƙara dushewa." Tun daga nan nake kuka.

Abin da na shirya shi ne in bi ƙanin mijina ranar Asabar, in tafi da ruwan leda jaka uku, da ƙaramar tukunyar gas, da taliyar yara da gidan sauro, mu kwana ɗaya mu juyo Lahadi. Dadata, wato mahaifiyata, ta ce ba inda za ni sai mijina ya zo ya kai ni da kansa. Ni kuma tsoron majanciki ne ya fi damuna, kowa ya san yankin Kaltungo da shi, ga shi kaka ta yi. Ba na jin yarensu. Ku ba ni shawara don Allah.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin a zo maganar maciji, shekara huɗu? Tsohuwa ta sauko daga dutse sau biyu saboda ke, ke ba ki hau ko sau ɗaya ba? Ni zan gaya miki gaskiya ko za ki ji haushi: kwana ɗaya ba ziyara ba ce, leƙe ne. Kuma ki ajiye tukunyar gas ɗin nan a gida. Ranar da kika kunna ta a tsakar gidan surukarki kina dafa taliya, faccalolinki suna tuƙa tuwon dawa a murhu, kin gama zubar da mutuncinki a garin nan har jikokinki. Kwana uku za ki yi, abin da suka ci shi za ki ci.

Maman Hanan: Hajiya ba raini ba ne wallahi. Shekarar farko ina makaranta, ta biyu ina jinya. Gas ɗin kuma don ruwan zafin yarinya ne da daddare, ba don ni ba.

Uwar Biyu: Ni dai ina bayan Dadarki. Kada ki fara zuwa garin miji babu miji. Ni haka na yi, nawa ya ce in bi yayarsa zuwa ƙauyensu ta wajen Dass, zai biyo mu washegari. Sati guda na yi bai zo ba. Ni ce ɗibar ruwa, ni ce surfe, hannuna duk ya yi kanta, da na dawo kuma aka aiko masa cewa matarsa ba ta iya gaisuwa ba. Har yau in aka yi taron dangi sai an tayar da maganar. Shekara tara ke nan, kuma shi bai taɓa buɗe baki ya kare ni ba, ko sau ɗaya.

Ɗan Tangale: Adda, ni mutumin Billiri ne, kakata ta wajen uwa kuma 'yar Tula ce, a can nake hutun makaranta ina yaro. Abin da kike tsoro gaskiya ne, amma bai kai yadda ake zuzuta shi a cikin Gombe ba. Ƙauyukan nan shiru ne da su. Da safe kowa ya tafi gona, sai tsofaffi da awaki da kaji, sai iska. Gonakin a jikin dutse suke, an jera duwatsu hawa-hawa an tare ƙasa don kada ruwan sama ya kwashe ta, aikin kakanni ne da har yau ake gyarawa duk shekara. In kika tsaya a bakin gida da yamma za ki hango kwari ya shimfiɗu a ƙasa, dawa ta yi kai, hayaƙi yana tashi daga gidaje. Yanzu ana cirar gyaɗa da roron wake, za ki ci ɗanyar gyaɗa dafaffiya har ki gaji. Hausa kuma kusan kowa yana ji, tunda ga shi da ita Inna ta kira ki. Ki sa mijinki ya koya miki gaisuwar safe da "na gode" da yarensu, ki faɗa ko da a karkace, za ki ga yadda tsohuwar za ta yi murna. A gida ɗaya za ki tarar wasu suna zuwa coci wasu masallaci, kuma sun san yadda ake karɓar baƙo Musulmi, in za a yanka miki kaza Musulmin gidan za a kira. Ki riƙe tsabar kuɗi ƙanana, kada ki dogara da POS. Ki bar Gombe da sassafe don ki hau dutsen da rana tsaka, kada magariba ta same ki a kan mashin da goyo.

Ma'aikaciyar Jinya: Maman Hanan, bari in yi magana a kan abin da na sani. Macijin da ya fi ɓarna a yankin nan kububuwa ce, wadda ake ce wa gobe da nisa. Gajera ce, launinta ya saje da ƙasa da duwatsu, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi, shi ya sa wanda ta sara zai ga jini yana fita ta dasashi ko ta wani tsohon rauni. Lokacin shuka da lokacin girbi aka fi samun sara, domin tana fakewa ƙarƙashin tarin gyaɗa, da harawa, da damin dawa, da tsakanin duwatsu. Mafi yawan waɗanda take sara manoma ne da makiyaya masu shiga gona da silifa ko ba takalmi. Ke da ba gona za ki ba, ki sa rufaffen takalmi, kada ki fita bayan gida da dare babu tocila, ki kakkaɓe takalmi da safe, kada ki ajiye yarinya ta yi rarrafe kusa da rumbu ko tarin itace. Ki kafa gidan sauro ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, yana tare sauro yana tare kunama. In tsautsayi ya faɗa wa wani, ba a ɗaure wajen da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa, baƙin dutse ba ya cire dafi. A hana mutum yawan motsi a wuce da shi asibitin saran maciji na Kaltungo, wanda har daga Adamawa da Taraba ake kawo masa mutane, a can ake yin allurar kashe dafi irin su EchiTAb.

Amma ni gudawa da zazzaɓin cizon sauro sun fi ba ni tsoro a kan 'yar wata 9. Ki ci gaba da ba ta nono, duk ruwan da za ta sha a tafasa shi, ki tafi da ORS (haɗin gishiri da sukari na masu gudawa) da zinc. An yi mata allurar wata tara ta ƙyanda da shawara? In ba a yi ba ki fara da ita.

Maman Hanan: Na gode Sista. Allurar Alhamis ɗin nan za mu je. To kun ji, ita ma ta ce a tafasa ruwa, shi ya sa na ce gas.

Hajiya Mai Atamfa: Murhun gidan ba ya tafasa ruwa ne? Ki sa a tafasa miki da yamma ki zuba a fulas, magana ta ƙare. Shi mijin naki da kike gani da ƙatuwar mota a Abuja da wane ruwa aka raine shi? Kuɗin ruwan leda jaka ukun nan ki ƙara ki sayi gishiri, da magi, da sabulu, da sukari da ganyen shayi, da manja galan ɗaya. Inna turmin atamfa da bargo mai kauri da man zafi na gwiwa. Faccaloli ko sabulu sanda bibbiyu ne kowacce ki miƙa mata a hannunta, kada ki tara ki ba mutum ɗaya ya raba. Yara alewa. In za ki taho duk abin da suka ba ki, ko kabewa ɗaya ce, ki durƙusa ki karɓa da hannu biyu. Ni matar ɗana ta fari haka ta yi min, na aika mata kuka da kuɓewa busasshiya da na daka da hannuna, na je gidan bayan wata biyu na tarar da ƙullin a bayan ƙofar kicin ko kwancewa ba a yi ba. Ban ce komai ba, amma ban sake aikawa ba.

Baban Walid: Ni ina ganin ku bari sai Disamba. An gama girbi, ciyawa ta bushe, majanciki ya ragu, 'yan garin da ke birni duk suna komawa gida hutun Kirsimeti, mijinki ma zai samu hutu ya kai ki da kansa. Kin bi maganar mahaifiyarki, kin kuma je da mutuncinki.

Ɗan Tangale: Hamma, ka taɓa kwana a kan Tula cikin hunturu? Sanyin can ba irin na Gombe ba ne, iska har cikin ƙashi, ga ƙura. Jaririya za ta fi wahala a lokacin. Kuma tsohuwa ta ce idonta yana dushewa.

Hajiya Mai Atamfa: Rai a hannun Allah yake, wa ya ba ku tabbacin Disamba? Ta tafi Asabar ɗin nan.

Uwar Biyu: Hajiya ke uwar miji ce, dole ki faɗi haka. Shi mijin me ya hana shi ɗaukar hutun kwana biyu? Uwarsa ce fa. Kullum mace ce za ta ɗauki nauyin zumuncin da namiji ya yi sakaci da shi.

Maman Hanan: Don Allah kada a zagi mijina, yana iya ƙoƙarinsa, wajen aikinsu ba a ba da hutu yadda mutum yake so. Kuma duk wata yana yi wa Inna aike. Maganar kwana uku gaskiya ba zan iya ba, Litinin ina da aiki. Ruwan ledan ma zan rage zuwa jaka ɗaya, amma ba zan tafi babu shi ba.

Maman Haidar: Ni tambaya ɗaya nake da ita, har yanzu ba ki faɗa mana ba: shi maigidan ya san da tafiyar Asabar ɗin? Me ya ce? Kuma me ya sa Dadarki ta kafe haka, ko dama can akwai wata a ƙasa tsakaninta da dangin mijin?

Maman Hanan: Wannan doguwar magana ce Adda, ba ta nan ba ce. Ya san Inna ta kira ni. Sauran zan gaya masa in ya kira da daddare.

Hajiya Mai Atamfa: Au, bai ma sani ba? To da izinin wa za ki hau dutsen?

Ɗan Tangale: Adda, in dai kin yanke tafiya, ki ce wa ƙanin mijin naki ya samo mai mashin ɗan garin wanda ya san hanyar, kuma ki goya yarinyar a gaba da majanyi biyu. Akwai inda za ki sauka ki taka da ƙafa.