Zalunci ne likita ya tsallake wanda ya fi jin jiki?

Ɗalibi: Jama'a, ina nan a kan bakana. Abin da likitocin sojan Ingila suka riƙa yi a Yaƙin Duniya na Ɗaya rashin imani ne. A kawo mutum harsashi ya fasa masa ciki, a yi masa allurar kashe zafi, a kwantar da shi a wani tanti daban, a koma kan mai karaya?

Anti Nas: Ƙanena, ka taɓa tsayawa a ɗakin gaggawa ranar da babbar mota ta kife da mutane? A fagen daga na Somme da ke Faransa, ranar 1 ga Yuli 1916, sojojin Ingila sama da 57,000 ne suka mutu, ko suka jikkata, ko suka ɓace, ko aka kama su, a yini ɗaya tak. Kafin ka gama tiyatar ciki guda, mutum nawa jini ya ƙare musu a layi? Ga shi babu penisilin a lokacin.

Baba Tsohon Soja: Yara, duk kun wuce inda gizo ke saƙar. Ai sai an ɗauko mutum kafin likita ya gan shi. Wanda ya faɗi tsakanin ramukan yaƙi na ɓangarorin biyu yakan jira duhu ya yi, wani ma ya kwana biyu a can. A taɓon fagen daga na Passchendaele da ke Beljiyam a 1917 sai mutum shida su taru a kan majinyaci ɗaya. Ƙasar kuma gonaki ce da aka daɗe ana zuba wa taki, rauni na haɗuwa da ita sai ruɓewa.

Ɗalibi: To Baba, ai ka ƙara min hujja. Wanda ya sha wannan wahalar ya iso da ransa, shi ne kuma za a ajiye gefe?

Anti Nas: Ba a zauna haka ba fa. Ganin masu raunin ciki na ƙarewa a hanya ya sa aka dawo da tiyata asibitocin tanti na kusa da fagen daga. A 1917 wani likita mai suna Oswald Robertson ya fara adana jini a kwalabe cikin ƙanƙara, aka soma ceto waɗanda da an fid da rai da su.

Ɗalibi: Ashe dai da ma masu cetuwa ne, Anti.

Baba Tsohon Soja: Da jinin da babu shi a 1916? Haba ɗana.

Ɗalibi: Na ji, Baba. Amma da ɗan'uwana ne a wancan tantin, ba zan kira shi dabara ba.