Malaman ƙauye da iyaye, ya ake ciki a wajenku?

Malamin firamare: Salam 'yan uwa. Shekarata tara kenan a wata firamare ta ƙauye, mu biyu ne kacal ni da hedimasta muke riƙe da aji ɗaya har aji shida, ranar da ya tafi ofishin ilimi na ƙaramar hukuma to ni kaɗai ne, sai in tara ƙananan a gindin darbejiya in sa wani ɗan aji shida ya riƙa ja musu baƙi ni kuma ina ciki da manyan. Wallahi abin yana damuna. Haka yake a wajenku?

Wata malama: Malam kamar ka shiga makarantarmu. Da aka turo mana 'yan N-Power, matasan da gwamnatin tarayya ta ɗauka aikin wucin gadi, ƙarshen 2016 makaranta ta farfaɗo har iyaye suka dawo da yaran da suka cire, ana sallamarsu a 2020 muka koma gidan jiya. Wanda duk aka yi wa fostin nan wata biyu ya nemi hanya a mayar da shi gari, kuma ban ga laifinsa ba, ba gidan malamai, kuɗin mashin kullum zuwa da dawowa shi ke cinye albashin.

Ɗan kwamitin makaranta: Mu iska ce ta yaye mana kwanon aji biyu farkon damina, mun rubuta takarda mun sake rubutawa shiru, ƙarshe bayan sallar Juma'a aka yi karo-karo wani ya ba da kwanon gero wani ya ba da azara.

Tsohon hedimasta: Alhaji ka san yadda abin yake, tun dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, kuɗin gini na tarayya ba ya fitowa sai jiha ta ajiye nata kason daidai da shi, in ya fito ɗin ma makarantar bakin titi ake fara yi wa fenti.

Maman yara: Ranku ya daɗe malamai, ni tawa damuwar 'yata ce, ta gama aji shida tana da ƙoƙari sosai amma ƙaramar sakandaren da ta fi kusa sai an haye rafi, in ruwa ya kawo ba hanya. Makarantar kwana kuma tun da aka sace ɗalibai mata a makarantar Jangeɓe a 2021 babanta ya ce ba da 'yarsa ba. Tana gida yanzu tana min tallar awara, littattafanta na nan a ƙasan katifa.