Cigiyar kalma: me za mu ce da "adibokasi" a gaban mai unguwa?

1/ Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Cigiya nake yi, kuma ta kalma ce. Ranar Alhamis mai zuwa mu mata goma sha biyu daga Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo a nan Jos za mu kai takarda gaban masu unguwanni da kansila, kan allurar tazarar haihuwa da maganin tsayar da zubar jini da suka yanke a wani ƙaramin asibiti da matanmu ke zuwa awo. Ni aka ɗora wa rubuta takardar da Hausa. Ina kaiwa layi na uku na cije. Kalmar da muka shekara da shekaru muna faɗa a ɗakunan taro, wato adibokasi, kalmar Turanci ta bin masu iko a kan wata buƙatar jama'a, ban san da wane baki zan faɗe ta a gaban Baba mai unguwa ba.

2/ Da can ba mu damu da nema mata Hausa ba, kuma dalilin a fili yake. Daga waje kuɗin suke zuwa, waje rahoton yake komawa, saboda haka Turanci ya wadatar. Ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu aka dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90. Zuwa farkon Yuli, hukumar tallafin Amurka, USAID, da aka kafa tun 1961 ta rufe ƙofa. Amurka ta kuma janye kuɗinta daga UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya da ta hannunsa ake sayo wa Najeriya kayan tazarar haihuwa. Birtaniya ma ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta rage nata tallafin daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta nan da 2027. Yanzu wanda za mu roƙa, ko mu matsa wa, ciyaman ne da ɗan majalisa da kwamishina, kuma ta hannun mai unguwa da liman da fasto ake isa gare su. Kiɗa ya canza.

3/ A gida kuwa, majalisa ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 don cike giɓin, wannan abin yabo ne. Amma a cikin kasafin nan dai, kason tazarar haihuwa ya ragu da kusan kashi 97 cikin 100 idan aka kwatanta da na 2024. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 na kasafi zai tafi lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya a 2023 sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Ku raba da kwanakin shekara, sama da mata 200 ke nan kowace rana. Maganar da ta kai wannan nauyi ba za ta tafi da kalmar da mai sauraro zai gyaɗa kai kawai don kunya ba.

4/ Na gode da amsoshin da suka fara shigowa. Mafi yawanku kun ce wayar da kai. Ku yi haƙuri, ban karɓa ba. Wayar da kai daga sama take saukowa ƙasa: mai sani ya zo ya faɗa wa marar sani. Matan da nake magana a kansu kansu a waye yake. Mace ta goyo yaro, ta biya kuɗin keke daga Rikkos, ta zo da katinta ranar da aka rubuta mata ta dawo allura bayan wata uku, aka ce babu, ta dawo wani mako. Me za a wayar mata? Abin da muke nema wa suna hawa yake yi, daga ƙasa zuwa wurin mai riƙe da mabuɗin sito. Faɗakarwa ma ciwonta ɗaya ne da wayar da kai.

5/ Fafutuka ta fi kusa, kuma ita muke ji a rediyo, masu fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam. Sai dai fafutuka wahala take nunawa, ba ta nuna inda aka dosa ba. Mai tallan awara ma fafutukar neman abinci take yi. Gwagwarmaya kuwa, duk wanda ya zauna Jos ya ga 2001 da 2008 da 2010 ya san abin da dattijo zai fara tambaya idan mata suka ce sun zo gwagwarmaya: da wa? Kamfe na 'yan siyasa ne, za a ɗauka wani ne ya turo mu. Raji Hausar 'yan jarida ce, kakata ba ta taɓa faɗarta ba.

6/ Yaya, kai da ka kawo kamun ƙafa, na ga hikimarka, domin ita ce ta farko da ta fuskanci sama. Amma kamun ƙafa ta bayan gida ake yin sa, kuma alfarma ake nema da shi. Ranar da muka ce mun zo kamun ƙafa kan maganin tsayar da jini, mun yarda ke nan cewa kyauta ce, in an ga dama a ba mu. Kai kuka ma haka: ka kai, a ce an ji, ka koma gida.

7/ Jama'a, ina ganin an samu. Wata uwa tamu, tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya, 'yar Zumuntar Mata a Bukuru, ta kira ni bayan sallar isha'i maimakon ta rubuta. Ta ce ita ba ta san adibokasi ba, amma a shekarun da ta yi a ɗakin haihuwa, idan aka kawo mace tana zubar da jini, kafin a tambayi sunan kowa tambaya ɗaya ake yi wa 'yan rakiya: wa zai tsaya mata?

Mama, Allah ya ƙara girma. Tun da kika faɗa nake juya ta. Mai tsaya wa mace a asibiti shi ne mai zagayawa neman wanda jininsa ya dace da nata. Shi ne mai sa hannu a takardar tiyata, mai bin likita har bakin ofis, mai kiran ɗan'uwa a Bauchi ya turo kuɗi, mai cewa a'a, ba za mu tafi ba sai an duba ta. Ba don kansa yake yi ba. Ba faɗa ya zo yi ba, kuma ba bara ya zo yi ba. Yana gaban mai iko, fuska da fuska, da sunansa, kuma ba ya komawa gida sai an yi abin. Duk abin da aka koya mana a taron bita na kwana uku da allo da majigi, wannan kalma ta ƙunshe shi. Mun kuma san kishiyarta, domin idan Bahaushe ya ce wance ba ta da mai tsaya mata, ya gama ba da labarinta.

Wani abin da ya ƙara kwanta mini: kalmar ba ta da unguwa. Mu a Jos Hausa ce ke haɗa Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Bahaushe da Bafulatani a layin awo ɗaya. Tsaya wa mutum ana faɗarsa a Islamiyya, ana faɗarsa a majami'a, ana faɗarsa a ofishin 'yan sanda wajen beli, ana faɗarsa a kasuwar Taminus idan baƙo zai karɓi kaya bashi. Ba wanda zai ce a fassara masa.

8/ Wani malamin Hausa ya ja hankalina, kuma gyaransa ya fi yabon da aka yi ta yi amfani. Ya ce tsayawa tana nufin dainawa, saboda haka in muka rubuta tsayawa kan haihuwa, kunne zai ji tsayar da haihuwa, kafin la'asar labari ya zaga gari cewa an zo hana mata haihuwa.

Malam, Allah ya ƙara ilimi, gaskiyarka. Mun ga irinta. Shekaru aka yi ana cewa ƙayyade iyali, mutane suna toshe kunne, domin wa ya isa ya ƙayyade abin da Allah ke bayarwa? Sai da aka koma tazarar haihuwa, wadda ta dace da abin da kakanninmu suka sani na gudun kwanika, da kuma shayarwa ta shekara biyu da ta zo a Suratul Baƙara, sannan maza suka fara zama a yi maganar da su. Ba mu manta 2003 ba, lokacin da jita-jitar cewa rigakafin shan inna na hana haihuwa ta sa aka dakatar da shi a Kano. Kalma ɗaya na iya rushe aikin shekara goma.

Ga yadda na ga za mu kauce: kada kalmar ta fito ita kaɗai, kullum da wanda ake tsaya wa a gabanta. Tsaya wa mata, tsaya wa masu jego, tsaya wa 'yan mata. A rubuce a raba ta gida biyu, tsaya wa, kuma kada ta maƙwabci kalmar haihuwa kai tsaye. Mai yin aikin, mai tsaya wa mata. Masu tambayar ina sunan, tunda adibokasi suna ne, ni ban ga dole ba. Hausa da aikatau ta fi tafiya. A maimakon ziyarar adibokasi, sai mu ce mun zo tsaya wa matan unguwarmu.

9/ Saura rabi na biyu, haruffan nan huɗu, SRHR (Sexual and Reproductive Health and Rights), sunan da ake kiran fannin aikinmu da shi a Turanci, da suka samo asali daga taron Alƙahira na 1994. An taɓa ba ni wata takarda da aka fassara su da 'yancin jima'i da haihuwa. Wallahi da na karanta wannan a zauren mai unguwa, da ba a bar ni na kai aya ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. 'Yanci a kunnen iyayenmu sakin linzami ne. Haƙƙi kuwa abu ne da ake bin wani, mai nauyi a wuyan wanda ya danne shi, shi ya sa ake cewa alhaki kwikwiyo ne. Haƙƙi na zaɓa, ban ma tsaya jayayya ba.

10/ Inda aka fi kai ruwa rana shi ne kalmar farko a Turancin. Jima'i ta yi tsirara da yawa a taron da suruki da surukarsa ke zaune. Da yawa sun ce lafiyar auratayya, tana da kunya, tana da daɗin ji. Amma ku duba waɗanda ta bari a waje. Yarinya 'yar shekara 12 da ta fara al'ada ba ta da kuɗin auduga, tana fashin makaranta. Wadda aka yi wa fyaɗe, da ke buƙatar maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72. Saurayi mai ciwon sanyi da ke shan kwayoyin kemis a ɓoye. Matar da aka saka saboda yoyon fitsari, irin waɗanda ake kawowa asibitin Jankwano daga garuruwa masu nisa a yi musu aiki. Ko ɗaya cikinsu ba ya ƙarƙashin inuwar aure a lokacin da ya fi buƙatar a duba shi.

Shawarata ita ce lafiyar balaga da haihuwa. Balaga kalma ce da malamai ke faɗa a kan mumbari, uwa na faɗa wa 'yarta, ta haɗa namiji da mace, mai aure da marar aure. Na yarda da ƙanwata da ta ce ta ɗan lulluɓe maganar. Haka ne. A ɗakin likita, inda mutum biyu ne kawai, a ce saduwa kai tsaye, kada a yi kwana-kwana da marar lafiya. Wannan ta takarda ce da zaure.

11/ Wani bawan Allah ya tambaya ko duk wannan ado ne ake yi wa zubar da ciki. Tambayar ta cancanci amsa a fili, domin za a yi mana ita ranar Alhamis. Dokar Najeriya ba ta halatta shi ba sai don ceton ran uwa, kuma takardarmu ba ta nemi a taɓa wannan doka ba. Abin da muka lissafa: awon ciki, allura da kwaya da na ashana ga mai son tazara, maganin jijjiga da na zubar jini a ɗakin haihuwa, wankin ciki ga wadda ta yi ɓari, gwaji da maganin da ke hana uwa sa wa jariri cuta. Mun kuma saka tiyatar haihuwa kyauta ga marasa ƙarfi da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024, muna so a faɗa wa mata a wane asibiti ake yi, da wace takarda za su je, domin da yawa a unguwanninmu ba su ma ji labarin ba.

12/ Ga layi na uku yadda ya tsaya yanzu:

"Ranku ya daɗe, mun zo ne mu tsaya wa matan unguwanninmu da 'ya'yanmu a kan haƙƙinsu na lafiyar balaga da haihuwa, kuma muna roƙon ku ma ku tsaya musu a gaban ciyaman."

Na karanta wa Mama ta waya, ta ce in cire muna roƙon, in sa muna so. Na cire. Masu zuwa, mu haɗu ƙarfe tara a bakin Babban Masallaci, 'yan Bukuru za su same mu a can. Kowa ta zo da katin awonta ko na 'yarta, wanda aka rubuta ranar dawowa a kai.